Steve Reich Da Sababbin Kiɗe-kiɗensa

A ƙasar Hausa makaɗi shi ya kan ƙago waƙarsa, shi ya kan rera ta, yaransa suna kaɗa masa suna amshi. Kome a ka ya ke riƙe da shi, babu takarda. Turawa ma suna da irin waɗannan makaɗa, amma ban da su akwai wani irin kiɗa da suka gada tun shekaru ɗaruruwa, wanda aka raba aikinsa biyu: akwai mai tsara kiɗa, akwai kuma masu kaɗawa. Mai tsarawa ya kan zauna a ɗakinsa da takarda mai layi biyar-biyar, ya yi ta ɗiga alamu a kan layukan, kowace alama tana nuna muryar da za a fitar da tsawon da za ta yi. In ya gama sai ya miƙa wa makaɗa, su karanta, su kaɗa abin da ya rubuta.

Sabo da haka sabon kiɗa a wurinsu hawa uku ya ke yi kafin ya zauna da gindinsa. Na fari a rubuta shi. Na biyu a kaɗa shi gaban jama'a karo na farko, ran nan kuwa babbar rana ce, kamar ranar suna, don a nan ne 'yan jarida za su ji shi, su yaba ko su kushe. Na uku a ɗauke shi a faifai, yadda wanda bai halarci wurin ba zai iya ji a gidansa. Kiɗe-kiɗe da yawa a hawa na biyu su ke mutuwa. A kaɗa sau ɗaya, a tafa, a mai da takardun cikin akwati, shi ke nan ba a ƙara jin ɗuriyarsu. Dalili kuwa, makaɗa sai an biya su kuɗin gwaji, zauren kiɗa sai an yi haya, masu sayen tikiti kuma galibi sun fi son abin da kunnensu ya saba da shi, watau kiɗan mutanen da, irin su Bach da Mozart da Beethoven.

Labarin wani mutumin Amurka mai suna Steve Reich ya isa ya nuna yadda hawan nan uku su ke tafiya, da kuma yadda wani lokaci su kan juya, na baya ya komo gaba.

Rikoda Biyu

An haifi Reich a birnin New York ran 3 ga Oktoba, 1936. Yana da shekara 14 ya fara koyon ganga. Ya yi karatun falsafa a Jami'ar Cornell, ya gama cikin 1957, sa'an nan ya koyi tsara kiɗa a makarantar Juilliard ta New York, da kuma Kwalejin Mills a jihar California, inda ya ƙare cikin 1963. Kiɗa bai ci da shi ba tukuna a wannan lokaci, sai ya zauna a birnin San Francisco yana tuƙin tasi, ya kuma taɓa aikin gidan waya, don ya sami na tuwo.

Cikin 1964 ya tarar da wani baƙar fata mai wa'azin Kirista a wani dandali na birnin, yana ta gargaɗin jama'a da ruwan Ɗufana na zamanin Annabi Nuhu. Reich ya ɗauki muryarsa a rikoda. Rikodar wancan zamani da zare ta ke aiki, mai kama da siririn ƙyalle, yana warwaruwa daga wannan kwarkwaro yana naɗuwa a wancan. Reich ya yanko wani ɗan guntu na zaren inda mai wa'azin ya ce za a yi ruwa, ya liƙe bakinsa da gindinsa ya zama zobe, yadda zai yi ta maimaita maganar ba iyaka. Ya yi zobe biyu iri ɗaya, ya sa kowane a rikodarsa, ya kunna su tare.

To, ashe rikodun nan biyu gudunsu ba ɗaya ba ne, ɗaya ta ɗara 'yar'uwarta sauri da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ka ɗauka mata biyu ne su ke daka, kowace da turminta. Da fari taɓarensu tare su ke sauka, ka ce mace ɗaya ce. Amma ɗayar ta ɗan fi zafin hannu, jim kaɗan sai ka ji kamar amsa-kuwwa, an jima kuma sai ya zama lugude, wannan ta sauke wannan ta ɗaga, in suka daɗe kuwa sai mai saurin ta kewayo ta cim ma 'yar'uwarta, su sake sauka tare. Haka muryar mai wa'azin ta yi da kanta. Reich ya saurara, ya ga wannan saɓanin da wani zai kira lalacewar na'ura, shi ne kiɗan da ya ke nema. Ya gama aikin cikin 1965, ya sa masa suna It's Gonna Rain, watau za a yi ruwa. Ka ga wannan kiɗa a rikoda aka haife shi, babu takarda, babu makaɗi.

Daga nan sai ya so ya ga ko ɗan Adam zai iya abin da na'ura ta yi. Cikin 1967 ya rubuta Piano Phase, don mutum biyu masu kaɗa piyano. Dukansu su kama ɗan gajeren kiɗa guda suna maimaitawa, ɗaya ya tsaya a kan gudunsa, ɗaya ya riƙa ƙara sauri sannu a hankali har ya wuce abokinsa da bugu ɗaya, ya tsaya nan su ɗan jima, sa'an nan ya sake matsawa. Abin da wuya ƙwarai, don kunnen makaɗi kullum so ya ke ya bi na kusa da shi, amma ya yiwu.

Mako Biyar A Gana

Tun yana ɗalibi Reich ya karanta littafin wani Baturen Ingila, A. M. Jones, wanda aka buga cikin 1959, mai bayanin kiɗan kabilar Ewe ta ƙasar Gana. Cikin 1970 ya tashi takanas ya tafi Jami'ar Gana da ke Legon, kusa da Accra, ya zauna gaban wani gwanin makaɗi na Ewe, Gideon Alorwoyie. Kullum sai ya ɗauki darasin a rikoda, in ya koma masauki ya rage gudun zaren, ya rubuta bugun kowace ganga dabam. Ya ga yadda kuge ya ke riƙe da lokaci, ganguna kuma kowace tana maimaita nata bugun, kowace da inda ta ke farawa, su sarƙu da juna kamar saƙar tabarma. Mako biyar kaɗai ya yi, zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, tilas ya koma gida.

Da ya koma sai ya yi shekara guda yana aikin Drumming, watau kiɗan ganga. Kashi huɗu ne, a kan kaɗa su a jere ba hutawa, su kan ɗauki awa guda, ko fiye, ko ƙasa kaɗan, gwargwadon yawan maimaitawar da makaɗa suka zaɓa. Kashi na fari ƙananan ganguna 8 ne. Na biyu marimba 3, watau jerin katakai da a ke bugawa da sanda, kowane da muryarsa, tare da mata masu rera abin da su ke ji yana fitowa daga cikin bugun. Na uku jerin ƙarafa 3 masu zaƙin murya, da fito, da 'yar ƙaramar sarewa. Na huɗu duka a haɗe. Abin mamaki, dukan wannan dogon kiɗa daga ɗan bugu guda aka gina shi, mai gurbi 12. An fara kaɗa shi ran 3 ga Disamba, 1971, a gidan ajiye zane-zanen zamani na New York, kamfanin Deutsche Grammophon na Jamus kuwa ya fitar da shi a faifai cikin 1974.

A nan akwai magana. Waɗansu masana sun ce Reich ya ɗebo ilmin mutanen Afirka, suna da riba suka zama nasa. Waɗansu kuma suka ce dabarar saɓa gudu tun 1965 ya ke da ita, ba a Gana ya samo ta ba. Shi dai bai ɓoye malaminsa ba, abin da ya ce kuwa shi ne tafiyar ta tabbatar masa da hanyar da ya riga ya kama, ta nuna masa ganga da hannun mutum sun fi na'ura daɗin ji. Ya komo da kuge na ƙarfe daga Gana, amma bai sa su cikin Drumming ba, don muryarsu ba ta dace da ma'aunin muryoyin Turawa ba, shi kuwa bai yarda ya goge su da zarto ya ɓata su ba. Alorwoyie shi ma daga baya ya koma Amurka, ya koyar a Jami'ar North Texas. Har wa yau masana ba su rufe wannan muhawara ba.

Ranar Ihu Da Ranar Tafi

Ba kullum a ke kwana a gado ba. Cikin watan Janairu na 1973 aka kaɗa wani aikinsa mai suna Four Organs a Carnegie Hall, mashahurin zauren kiɗa na New York. Ogan abin kiɗa ne mai kama da piyano, amma muryarsa ba ta yankewa muddin yatsa na danne da shi. Mutum huɗu suka danna dunƙulen muryoyi guda, suna maimaita shi, kowane karo suna ƙara masa tsawo, wani kuma yana ta kaɗa caki. Mutanen da suka zo jin kiɗan da suka saba, da suka ji an yi minti biyar abu bai sake ba, sai suka fara gunaguni, gunaguni ya zama ihu, har shugaban makaɗan, Michael Tilson Thomas, sai da ya riƙa ƙirga bugu da ƙarfi don abokansa su ji. An ce in kiɗa ya sake rawa ma sai ta sake, amma ran nan 'yan rawa ba su shirya ba.

Bayan shekara uku sai labari ya sha bamban. Ran 24 ga Afrilu, 1976, a zauren Town Hall na New York, Reich da ƙungiyarsa suka fito da Music for 18 Musicians, watau kiɗa don makaɗa 18. Akwai piyano, da marimba, da gogen Turawa, da mata huɗu masu rerawa, da masu busa. An gina shi bisa dunƙulen muryoyi 11, ya kan kai kusan awa guda. Babu mai tsayawa gaba da sanda yana ba da hannu kamar yadda Turawa suka saba. Ɗaya daga cikin makaɗan ne ya kan buga alama a kan jerin ƙarafa, kowa ya ji ya san lokacin juyawa ya yi, kamar dai yadda babban makaɗi ya ke yi wa yaransa a Afirka ta Yamma. Tsawon waɗansu muryoyin kuma numfashin masu busa ne ma'auninsa: su fara a hankali, su cika, su lafa sa'ad da numfashi ya ƙare.

Kamfanin ECM ya fitar da faifan cikin 1978, aka sayar da fiye da 100,000, abin da ba a saba gani ba ga sabon kiɗa irin wannan. Faifan nan ne ya kai sunan Reich gidajen mutanen da ba su taɓa taka zauren kiɗa ba. Akwai kuma wani abin da ya yi. A shekarun nan Reich ba ya rubuta kome filla-filla, da baki da hannu ya ke koya wa makaɗansa, kowa da 'yar takardar tunin abin da zai buga. Sabo da haka wata ƙungiya dabam ba ta da cikakkiyar takardar da za ta karanta. Sai bayan shekara 20 wani saurayi mai tsara kiɗa, Marc Mellits, ya zauna da faifan da guntayen takardun, ya rubuta dukan kiɗan. Watau a nan hawa na uku ne ya haifi na fari. Tun daga sa'an nan ƙungiyoyin ƙasashe dabam-dabam suka sami ikon kaɗa shi ba sai mai shi yana wurin ba.

Magana Ita Ma Kiɗa Ce

Duk mai koyon Hausa ya san murya tana hawa tana sauka cikin magana, ya san kuma abin da ya raba wuya na jiki da wuya ta wahala. Da wannan hawa da sauka ne kalangu ya ke kiran sunan mutum, ya yi masa kirari, jama'a su gane. Turanci ba ya rarrabe kalmomi ta wannan hanya, duk da haka in Bature yana magana muryarsa ba a miƙe ta ke tafiya ba. Reich ya kasa kunne ga wannan tun zamanin mai wa'azi, cikin 1988 kuwa ya mai da shi harsashin wani aiki mai suna Different Trains, watau jiragen ƙasa dabam-dabam.

Asalin abin daga ƙuruciyarsa ne. Iyayensa sun rabu yana jariri, uban yana New York, uwar tana Los Angeles. Daga 1939 zuwa 1942 ya yi ta kai da kawowa tsakaninsu a jirgin ƙasa, tare da matar da ke renonsa. Da ya girma sai ya tuna shi Bayahude ne, da a ce a Turai ya ke a shekarun nan, da wani jirgi dabam aka tura shi ciki, irin waɗanda gwamnatin Hitler ta riƙa cikawa da Yahudawa zuwa sansanonin kisa. Sai ya ɗauki muryar tsohuwar mai renonsa, da ta wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya kuma samo muryoyin mutum uku da suka tsira daga kisan. Ya tsinci gajerun maganganu daga bakinsu, ya rubuta hawa da saukar kowace da alamun kiɗa. In mace ce ta yi magana, matsakaicin goge ya kwaikwayi muryarta, in namiji ne, babban goge ya kwaikwaya, ga kuma kukan jirgi da jiniya a bayansu. Ƙungiyar Kronos, masu goge su huɗu, suka fara kaɗa shi a Landan ran 2 ga Nuwamba, 1988, suna bin muryoyin da ke fitowa daga rikoda. Faifansa ya ci kyautar Grammy cikin 1990.

Da wannan dabara ce kuma shi da matarsa Beryl Korot, mai aikin hoton bidiyo, suka shirya The Cave, watau kogo, wanda aka fara nunawa a Vienna cikin 1993. Kogon da a ke nufi shi ne na birnin Hebron, wanda Larabawa ke kira Al-Khalil, inda Yahudawa da Musulmi duka suka yarda nan kabarin Annabi Ibrahim ya ke. Suka tambayi Yahudawan Isra'ila, da Falasɗinawa, da mutanen Amurka, ko wane ne Ibrahim a wurinsu, da Saratu, da Hajara, da Isma'ila, da Isiyaku. Amsoshin da aka ba su, su ne makaɗa su ke bi.

Ayyukan Tsufa

Cikin 2009 aka ba Reich kyautar Pulitzer sabo da Double Sextet, wanda aka fara kaɗawa cikin 2008. Makaɗa 6 ne su ke kaɗawa tare da faifan da aka riga aka ɗauka na su kansu, su zama 12 ke nan. A wannan lokaci ya wuce neman wanda zai saurare shi. Manyan zaurukan kiɗa na ƙasashe da dama su kan haɗa kuɗi su roƙe shi sabon aiki, kowane ya sami ikon fara kaɗa shi a ƙasarsa. Wannan shiri yana da amfani ga mai tsara kiɗa, don tun ba a gama rubutu ba an san ba sau ɗaya za a kaɗa a ajiye ba.

Waɗansu ayyukansa biyu na tsufa daga Attaura da Zabura ya ɗauko kalmominsu, cikin harshen Ibrananci. Na fari shi ne Traveler's Prayer, watau addu'ar matafiyi, wanda ya gama a zamanin annobar korona. Ƙungiyar Colin Currie da mawaƙan Synergy Vocals suka fara kaɗa shi a Amsterdam ta ƙasar Holan cikin Oktoba na 2021. Waɗanda suka san Reich sun yi mamakinsa, don mutumin da aka sani da bugu mai sauri kamar tafiyar jirgi, ga shi ya yi kiɗa mai tafiya a hankali, ba a jin bugu a cikinsa, sai muryoyi huɗu suna bin juna. Yana da shekara fiye da 80 sa'ad da ya rubuta shi, tafiyar da a ke nufi kuwa ta haɗa har da wadda ba a komowa.

Na biyu shi ne Jacob's Ladder, watau tsanin Yakubu, bisa mafarkin da Attaura ta ce Annabi Yakubu ya yi, ya ga tsani daga ƙasa har sama, mala'iku suna hawa suna sauka. A nan bugu ya komo, muryoyin kayan kiɗa kuma suna ta hawa da sauka kamar masu bin tsanin. Ƙungiyar New York Philharmonic ce ta fara kaɗa shi ran 5 ga Oktoba, 2023, Jaap van Zweden yana ba da hannu, kwana biyu bayan Reich ya cika shekara 87. Cikin 2025 kamfanin Nonesuch ya fitar da ayyukan nan biyu a faifai, ya kuma tara ayyukan Reich cikin akwati guda mai faifai 27, tun daga muryar mai wa'azin San Francisco har zuwa tsanin Yakubu.

Wanda ya ke so ya ɗanɗana irin wannan kiɗa ba sai ya sayi akwatin ba. Cikin 1972 Reich ya tsara wani mai suna Clapping Music, wanda ba ya bukatar kome sai mutum biyu da tafin hannunsu. Ga yadda ya ke: tafi uku, a tsallake gurbi ɗaya, tafi biyu, a tsallake, tafi ɗaya, a tsallake, tafi biyu, a tsallake. Gurbi 12 ke nan. Mutum na fari ya yi ta maimaita wannan ba canji. Na biyu ya fara tare da shi, in sun maimaita sau da dama sai ya tsallake gurbin farko ya fara daga na biyu, an jima ya fara daga na uku, haka haka, har ya matsa sau 12, sa'an nan zai ga ya komo daidai da abokinsa. Mai karatu ya nemi aboki su gwada. Da wuya su kai matsawa ta uku ran farko ba wanda ya ruɗe ya bi ɗan'uwansa, amma sannu ba ta hana zuwa.